Hayaƙin da Ba a Gani a Bakin Salansa

 Shirin namu na yau ya fi shafar direbobi da kanikawa da masu manyan motoci, amma kada mai shayi a tasha ko mai sayar da lemo a bakin titi ya murɗa akwatinsa zuwa wani gidan, domin maganar a kan huhunsu za ta ƙare. Batun shi ne wani ɗan fallen ƙarfe da bai kai tafin hannu ba, wanda ake yankawa a gareji, a soka shi a bakin wani bututu a jikin injin dizal, a ɗaure noti, a ce wa mai mota ya rabu da ciwon kai. Bututun da ake toshewa na wata na'ura ce da kanikawa ke kira EGR, aikinta kuwa shi ne ta ɗebi wani kaso na hayaƙin da inji ya fitar ta sake mayar masa da shi ciki. Wanda ya ji haka a karon farko zai ce ai toshewar ce daidai, wane mai hankali zai riƙa ɗura wa injinsa hayaƙi? Ni kuwa a nawa ganin toshewar ba gyara ba ce. Sauke wahala ce daga aljihun mai mota a ɗora ta a ƙirjin mutanen da motar ke wucewa ta gabansu, kuma abin da ya sa ake yin ta da zuciya ɗaya shi ne gubar da take saki ba ta da launin da ido zai kama. Masu toshewa suna da hujjojinsu, ɗaya daga ciki ma tana da nauyi ƙwarai, kuma ba zan tsallake ta ba. Sai dai kafin a yanke wa bututun hukunci, dole a san abin da ke faruwa a cikin silinda.

Injin dizal, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar da na farkonsa mai aiki sosai a birnin Augsburg a 1897, ba shi da fulogin da ke ƙyasta wuta irin na injin fetur. Iska zalla yake zuƙa, fiston ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 15 ko 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa man gas a cikinta, man ya kama da kansa. Wannan matsa mai tsanani ita ce sirrin ƙarfinsa da tattalin mansa, ita ta sa tirela da tanka da jirgin ƙasa da babban janareto duk suka dogara da shi. Amma daga wannan wuta guba iri biyu ke fitowa, kuma halinsu ya saɓa. Ta farko kowa ya san ta, baƙin hayaƙi, kunkunniya. Tana samuwa a tsakiyar feshin mai, inda man ya yi yawa iska ta yi kaɗan, sai ya gasu bai ƙone ba, ya fito ƙwayoyin gawayi ƙanana ƙanana. Ta biyun ita ce ba a sani ba. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin, kuma a zafin duniya na yau da kullum ba ruwan wannan da wancan. Amma idan zafi ya wuce digiri 1,500 sai su fara haɗuwa, su haifar da iskar da masana ke rubutawa NOx, mu kuma a shirin nan za mu ce mata gubar naitirojin. Masanin Tarayyar Sobiyet Yakov Zeldovich ya bayyana yadda haɗuwar ke faruwa tun 1946, kuma abin lura a bayaninsa shi ne gubar ba a hankali take hawa ba, ƙarin zafi kaɗan a saman wancan mataki yakan ninka yawanta. Harshen wutar da ke cikin silindar dizal kuwa yana haura digiri 2,000. A lura da kyau, wannan guba ba daga dattin mai take zuwa ba. Ko man da aka zuba tsarkakakke ne, iskar ce da kanta ke ƙonewa.

A nan injiniyoyi suka sami kansu gaba kura baya sayaki. Duk abin da za a yi don kashe baƙin hayaƙi, ƙarin iska ne ko ƙarin zafi ko fesa mai da wuri, yana ƙara gubar naitirojin. Duk abin da za a yi don rage gubar naitirojin, sanyaya wuta ne ko jinkirta feshin mai, yana dawo da baƙin hayaƙi, ya kuma ƙara shan mai. Turbo da EGR kowannensu ya kama gefe ɗaya na wannan matsala.

Turbo ya girmi EGR nesa ba kusa ba. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi rajistar fasahar a 1905, aka fara cin moriyarta a injinan jiragen ruwa a shekarun 1920, kamfanin Saurer na ƙasarsa ya sa ta a babbar mota a 1938, amma ba ta shiga ƙananan motocin dizal ba sai 1978 da Mercedes 300SD, Peugeot 604 ta biyo baya a 1979. Tunanin ba shi da wuyar ganewa. Kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin da ke cikin mai ta salansa yake ficewa, zafi da huci a banza. Büchi ya ce a sa farfela a hanyar wannan huci, a haɗa ta da wata farfelar da sanda ɗaya, idan hayaƙi ya juya ta farko sai ta biyu ta tura iska cikin inji da ƙarfi. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga irin aikin: gawayin dai shi ne, amma da yaron maƙeri ya kama zugazugi sai hayaƙi ya ɗauke, wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Turbo zugazugin inji ne, bambancin kawai shi ne a nan hucin wutar ne da kansa ke zuga ta. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a ƙananan turbo ma har ta kai 200,000, tana yawo a kan siririn baƙin mai, kanta ɗaya kuma yana cikin hayaƙin da zafinsa ke haura digiri 600. Da iska ta wadata mai yana ƙonewa sosai, baƙin hayaƙi ya ragu, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Shi ya sa motar da ba ta da turbo takan yi nishi tana turnuƙe hanya a hawan Jos, inda tsayin ƙasa ya kai mita 1,200 oksijin da ke cikin kowane zuƙo ya ragu, mai turbo kuwa ta cike giɓin ta wuce. Amma kada a manta da abin da zugazugi ke yi wa wuta. Iska mai yawa, matsattsiya, wadda matsar ta riga ta ɗumama, ita ce ainihin abin da gubar naitirojin ke so. Don haka aka ƙara wani ƙaramin lagireto tsakanin turbo da inji, intakula, ya sanyaya iskar kafin ta shiga. Ya taimaka, amma bai isa ba.

Abin da ya rage shi ne a rage wa wutar kaifi ba tare da an kashe ta ba, kuma aikin EGR ke nan. An fara sa ta a motocin fetur na Amurka a farkon shekarun 1970, daga baya ta zama ginshiƙi a injin dizal. Hayaƙin da ya fito daga silinda ya riga ya rasa wani kaso na oksijin ɗinsa, ya ɗauko iskar kabon da tururin ruwa, waɗanda ba sa sake ƙonewa. Idan aka gauraya shi da sabuwar iska, oksijin yakan ragu a cikin cakuɗin, don haka dole wutar ta ratsa iska mai yawa kafin ta sami abin da take buƙata, zafin ya bazu maimakon ya taru wuri ɗaya. Iskar kabon da tururi kuma sun fi iska zalla shanye zafi. Ƙololuwar zafin sai ta sauko, kuma tunda gubar da ƙololuwa take tafiya, saukowa kaɗan tana zabge ta da yawa. Ba sakin hayaƙin ake yi haka kawai ba. Akwai bawul da ƙwaƙwalwar mota ke buɗewa da rufewa gwargwadon nauyin da inji ke ɗauke da shi. Idan yana tafiya a sassauce kason hayaƙin da ake mayarwa yakan yi yawa, a wasu injina har ya kusanci rabi; idan direba ya take totur har ƙasa kuwa, a yawancin ƙananan motoci bawul ɗin rufewa yake yi. A injinan zamani hayaƙin yana ratsa wata 'yar tukunyar sanyaya da ruwan lagireto ke zagayawa, domin mai sanyi ya fi mai zafi aiki.

Yanzu ga wurin da nake so kanikawa su kasa kunne, domin a kansa duk maganata ta tsaya. EGR ita kaɗai shaƙe inji take yi, ta kori oksijin, baƙin hayaƙi ya dawo. Turbo shi kaɗai hura gubar naitirojin yake yi. Idan aka haɗa su, turbo yana tura iska da ƙarfin da zai sa silinda ta ɗauki hayaƙin da aka mayar ba tare da oksijin ya yi ƙaranci ba. Akwai kuma wata matsala da turbo ke haifarwa, shi ne kuma ke warware ta. Hayaƙi ba zai bi bututu ya koma wajen shigar iska ba sai matsinsa ya fi na iskar da ke can, turbo mai kyau kuwa yakan sa matsin shiga ya fi na fita, sai hayaƙin ya ƙi tafiya. Maganin da aka samo shi ne turbo mai fikafikai masu motsi a kewayen farfelar hayaƙi. Ƙwaƙwalwa ta tsuke fikafikan, matsin hayaƙi ya hau, ya tura kason da ake so cikin bututun EGR, a lokaci guda kuma farfela ta ƙara gudu ta kawo ƙarin iska. Da wannan haɗi kamfanin Cummins ya cika sharuɗɗan Amurka na Oktoban 2002 a injinan manyan motoci. Wato bawul ɗin EGR da fikafikan turbo da lokacin feshin mai duk lissafi ɗaya ne da aka rubuta a ƙwaƙwalwar motar bayan dogon gwaji. Wanda ya toshe bututu ya cire lamba ɗaya daga lissafin, ya bar sauran suna aiki kamar tana nan.

Shin haɗin ya yi aiki? Dokokin Turai sun ba mu ma'auni. A matakin Euro 3 na 2000, an yarda ƙaramar motar dizal ta fitar da giram 0.50 na gubar naitirojin a kowace kilomita. Euro 4 na 2005 ya rage shi zuwa 0.25, Euro 5 na 2009 zuwa 0.18, kuma yawancin motoci sun cika waɗannan sharuɗɗa da EGR da turbo da ingantaccen feshin mai kawai, ba tare da wata na'urar wanke wannan guba a salansa ba. Mai bin labaran duniya zai tare ni a nan ya ce, malam, waɗannan lambobin na ɗakin gwaji ne, ka manta da badaƙalar Volkswagen? Ban manta ba. A ranar 18 ga Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tuhumi kamfanin da sa wa motocinsa manhaja mai gane lokacin da ake gwada su, ta nutsu a ɗakin gwaji ta saki jiki a kan titi, inda gubar ke kaiwa har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Masu bincike na Jami'ar West Virginia ne suka bankaɗo abin a 2014, da suka ɗaura na'urar awo a jikin motoci suka hau hanya da su. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya, kuma ya ci wa kamfanin fiye da yuro biliyan 30. Ba su ne farau ba ma: a 1998 kamfanoni 7 masu ƙera injinan manyan motoci, ciki har da Caterpillar da Cummins da Mack da Volvo, sun sasanta da gwamnatin Amurka kan irin wannan laifi a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 1, kuma wa'adin Oktoban 2002 da na ambata daga wannan sasantawa ya fito. To, amma me ha'incin ya nuna? A motocin Volkswagen da aka sayar a Turai, ainihin abin da manhajar ke yi shi ne ta buɗe EGR sosai a ɗakin gwaji, ta rage ta a kan titi. Inji ɗaya, mai ɗaya, da EGR ta yi aiki guba ta sauka, da aka sassauta ta guba ta hau. Wannan ba shaida ce a kan cewa na'urar ƙarya ce ba, shaida ce a kan abin da ke faruwa idan an hana ta aiki. Abin da kamfanin ya yi da manhaja a ɓoye har aka ci shi tarar biliyoyi, shi ake yi da sifana a garejinmu da rana tsaka, kuma namu ya fi muni, domin su ragewa suka yi, mu kashewa muke yi gaba ɗaya.

Direba kuma yana da tasa hujjar: tun da aka toshe, mota ta fi tashi, ta rage shan mai, baƙin hayaƙin ma ya ɗauke. Na yarda da mafi yawan wannan. Sai dai, malam direba, da me kake gwadawa? Ba a kai mota a toshe mata EGR tana lafiya lau. Ana kai ta ne bayan bawul ya cushe ya maƙale a buɗe, yana ɗura hayaƙi har a lokacin da ya kamata ya rufe, don haka kana gwada inji mai toshe ne da inji mara lafiya. Idan aka gwada shi da wanda EGR ɗinsa ke aiki yadda aka tsara, ribar ba ta taka kara ta karya ba, ƙarfin da kake ji a cikakken totur kuwa, a yawancin ƙananan motoci dama bawul a rufe yake a lokacin. Ba zan tsoratar da kowa da abin da ba haka ba: tsofaffin injina da yawa suna shekaru a toshe ba su mutu ba. Sababbi ne kan kunna fitilar gargaɗi su rage gudu da kansu, har sai an sake taɓa ƙwaƙwalwarsu. Batun ɗaukewar baƙin hayaƙi kuwa shi ne ainihin abin tsoron, domin mun riga mun ga cewa inda ɗaya ta sauka ɗayar ke hawa. Gubar naitirojin tana fita daga salansa ba launi, ta haɗu da iskar waje ta rikiɗe zuwa nau'in da ke kumbura hanyoyin numfashi, ya tayar da asma, musamman a yara da tsofaffi. A ƙarƙashin rana mai zafi irin tamu tana haɗuwa da tururin fetur ta haifar da iskar ozon mai ƙona huhu, wani kasonta kuma ya koma ƙura mai laushi da ke shiga can cikin ƙirji. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da take ba da shawara na nau'in gubar naitirojin mai kumbura hanyoyin numfashi a shekara daga maikurogiram 40 zuwa 10 a kowace kubik mita ta iska. A Disambar 2020 wani mai binciken mace-mace a Landan ya yanke cewa gurɓatacciyar iskar titi na cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara 9 mai asma a 2013, karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwa a Birtaniya. Wannan ba wanke baƙin hayaƙi ba ne. Tun Yunin 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon ta sanya hayaƙin dizal a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin huhu. Gubobin biyu duk masu kisa ne, kuma ba wanda ya ba mai mota izinin zaɓa wa jama'a wadda za su shaƙa.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ta bakanike ce, kuma ta cancanci a saurare ta da kyau. Zai ce, yallaɓai, motar nan don man Turai aka ƙera ta. Na wanke bawul yau, bayan 'yan watanni ya sake cushewa. Tukunyar sanyaya ta huje, ruwa ya shiga inji. Sabuwa tsada, ta hannu kuma ba ta da tabbas. Mai mota ya gaji da zarya, ni ma na gaji da zargi. Wannan gaskiya ce, kuma kimiyya tana bayansa. Farar wutar da ke cikin man gas, wato salfa, idan ta ƙone ta haɗu da tururin ruwa a wuri mai sanyi sai ta zama asid, tukunyar EGR kuwa wurin sanyaya hayaƙi ce, don haka asid ɗin a cikinta yake taruwa ya ci ƙarfe, wani ya bi hayaƙi ya koma silinda ya lalata baƙin mai. Turai ta taƙaita farar wuta a man gas zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009, Amurka kashi 15 tun 2006. A da, ƙa'idar Nijeriya ta daɗe tana yarda da kashi 3,000, ninki 300 na Turai. A Satumbar 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton awon man da ta ɗebo daga gidajen mai a ƙasashen Afirka 8, ta sami wanda farar wutarsa ta ninka ƙa'idar Turai sau 378, ta kuma nuna cewa da gangan 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa irin wannan don kasuwar Afirka. A Disambar shekarar Nijeriya da Binin da Togo da Gana da Kodebuwa suka amince su koma kashi 50. Gana ta fara aiwatarwa a 2017, Nijeriya ta yi ta ɗage wa'adi. A Fabrairun 2020 ministocin ECOWAS suka amince a Wagadugu da kashi 50 ga dukan yankin, tare da matakin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su, dokar man fetur ta Nijeriya ta 2021 ita ma ta bi wannan ma'auni. Taƙaddamar da aka yi a bainar jama'a a Yulin 2024 tsakanin matatar Dangote da hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA kan yawan farar wuta a man gas, ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, ta yi amfani ɗaya: ta sa 'yan ƙasa sun ji cewa akwai wata lamba a cikin man da suke saya wadda ya kamata su tambaya. Ƙara da cewa motocin da kansu tsofaffi ne. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna ƙananan motoci na hannu miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo.

Duk na yarda da wannan, amma a duba wa hujjar ke tuhuma. Mai take tuhuma, ba EGR ba. Toshe bututu ba ya cire farar wuta daga tanki. Tana nan tana ɓata baƙin mai, tana fita ta salansa ta zama ƙura a iska. Sannan cushewar bawul ba farar wuta kaɗai ke kawo ta ba, kuma sauran dalilan suna hannun bakanike da direba. Kunkunniya ita kaɗai busasshiya ce, iska na iya wucewa da ita. Abin da ke mayar da ita kwalta mai maƙalewa shi ne baƙin mai, wanda ke zuwa daga bututun numfashin inji ko daga turbo da ya fara yoyo. Yawan kunkunniyar kuma daga nozul da ya gaji yake zuwa, ko matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko man bumburutu da aka gauraya da abin da Allah kaɗai ya sani, ko barin inji yana ta aiki a tsaye sa'o'i a tasha da cunkoso, lokacin da bawul ke buɗe sosai inji kuma bai yi zafin da zai ƙone datti ba. Bawul da ke cushewa da wuri yana ba da labari ne cewa wani abu ya lalace a wani wuri. Idan aka toshe shi labarin ya daina zuwa, nozul ɗin kuwa yana nan yana zubar da mai, turbo yana nan yana yoyo, sai ranar da ya tarwatse a tsakanin Kaduna da Zariya da kaya a baya.

Wasu za su ce ƙurar hunturu da hayaƙin itacen girki da ƙona shara sun fi wannan illa a garuruwanmu. A wurare da yawa haka ne. Amma ƙurar hunturu ba mu da makullinta, hayaƙin mota kuwa a daidai hancin mai tafiya a ƙasa yake fita, a inda jama'a suka fi cunkushewa, kuma huhun da ƙura ta riga ta gajiyar shi ne ya fi kasa ɗaukar ƙari. Wasu kuma, masu ilimin abin, za su ce ai kamfanoni irin su Iveco da Scania sun ƙera injinan Euro 6 da ba su da EGR sam. Haka ne, sai dai ba toshewa suka yi ba, musanyawa suka yi. Sun bar inji ya yi wutarsa mai zafi, suka sa na'ura a salansa da ke fesa ruwan AdBlue, mai kashi 32.5 cikin 100 na yuriya, ya sa gubar ta koma naitirojin da ruwa marasa illa. Wannan hanya tana buƙatar a riƙa sayen ruwan, tana kuma buƙatar mai mara farar wuta. Motar da aka toshe a gareji ba ta da wannan kuma ba ta da wancan.

Abin da ya rage aiki ne, kuma an san shi. Bawul da bututun shigar iska ana kwance su a wanke, a gwada nozul, a duba ko turbo yana jefa mai, a sauya matatar iska da wuri a lokacin hunturu maimakon a buge ta a jikin taya a mayar, domin ƙurar da ta wuce matata kai tsaye take zuwa ta cinye bakin farfelar turbo. Direba ya bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a sassauce bayan doguwar tafiya kafin ya kashe, ya kuma daina al'adar nan ta ba mota wuta sannan a zare makulli, domin farfela tana ci gaba da gudu bayan famfon baƙin mai ya tsaya, man da ya rage a kan sanda mai zafi kuma ya ƙone ya daskare. Amma ba adalci ba ne a ɗora wa bakanike da direba kaya duka a bar hukuma. Jami'in duba motoci da ke auna lafiyar inji da ido, idan ya ga baƙin hayaƙi ya tsayar, idan bai gani ba ya ɗaga hannu, yana saka wa mai toshewa da alheri ne ba tare da ya sani ba, domin motarsa ce za ta fi kowace tsabta a ido. Awon man kuma ya kamata ya wuce tashar jiragen ruwa da bakin matata ya iso depo da gidajen mai na Kano da Gusau da Maiduguri, inda ake zuba shi a tanki, a riƙa bayyana sakamakon kowane gidan mai da sunansa, domin mai tirela ya san inda zai sha mai da inda zai wuce.